Iyakar da Ke Cikin Kai: Shingen Ƙwaƙwalwa, Sojojin Jiki da Sanƙarau

Ina gaida mutanen Toumboutou da Guéné da Garou da Madécali, da na Karimama, da 'yan uwanmu na tsallaken kogi a Gaya, da na Kamba a ƙasar Kabi. Gaisuwa ta musamman ga makiyaya da ke mashekari da rediyo rataye a kafaɗa, da direbobi da fatake da ke zaune suna jiran a sallami kayansu.

Yau maganar iyaka za mu yi, amma ba wadda kuka sani ba. Kowane ɗan Adam yana da iyaka a cikin kansa, tsakanin jininsa da ƙwaƙwalwarsa. Tana da shinge, tana da masu gadi, tana da kayan da aka yarda su wuce da waɗanda ake mayarwa. Mu mutanen bakin gada ba sai an wahala wajen bayyana mana wannan ba. Kuma cututtuka biyu da zan yi magana a kai, ɗaya baƙuwa a kunnenmu, ɗaya kuwa mun binne mutane saboda ita, duk a wannan shinge labarinsu yake.

Yadda aka gano shingen nan yana da alaƙa da shanunku. A 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini a jini. Da aka feɗe su sai aka ga hanta ta rine, ƙoda ta rine, kusan ko'ina ya ɗauki launi, ƙwaƙwalwa kuwa tana nan fara fat. Daga baya almajirinsa Edwin Goldmann ya sake gwajin da wani shuɗin rini da aka haɗa lokacin da ake neman maganin ƙwayar nan da ƙudan tsando ke ɗauka, wadda ke sa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. A 1913 ya juya gwajin: ya zuba rinin kai tsaye cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ta yi shuɗi, sauran jiki bai rine ba. Ashe akwai katanga, kuma ta kowane ɓangare tana tarewa. Sai a 1967 aka gan ta ido da ido da madubin likita mai ƙarfi.

To mece ce katangar? Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan hanyoyin jini, sirara fiye da gashi. In aka jera su, masana sun ƙiyasta za su kai kusan kilomita 600, kamar ka tashi daga Malanville ka je Parakou ka dawo. A wurare irin su hanta, bangon hanyoyin jini yana da ƙofofi, abu na shiga na fita. A ƙwaƙwalwa kuwa ƙwayoyin da suka yi bangon a ɗinke suke da juna, ɗinki irin na salka, ba wurin yoyo. Bayan wannan bango akwai shinge na biyu, wanda wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro suka yi da ƙafafunsu. Tsakanin biyun akwai ɗan fili. Ku riƙe wannan fili a ranku, za mu dawo kansa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Saboda haka sukari yana da mashigarsa ta musamman, da 'yan dakonsa da ke ɗaukar sa su tsallakar. Iskar numfashi na wucewa ba tambaya. Akwai kuma masu sulalewa ta cikin bangon kansa: abin da ke cikin goro da shayi mai hana barci, da na taba, da giya, da tiramol ɗin nan da ke lalata mana samari. Shi ya sa suke taɓa hankali. Amma mafi yawan magunguna a bakin shingen suke tsayawa.

Ga misalin da makiyayi zai gane nan take. Allurar ibamektin da kuke yi wa dabbobi don tsutsa da ƙazuwa, guba ce ga jijiyar tsutsa. Me ya hana ta kashe saniya? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, a bangon nan akwai wasu masu gadi da aikinsu ke nan: duk abin da ya sato hanya ya shigo, su kama shi su tura shi cikin jini. A 1994 a ƙasar Holan aka fesa wa ɓerayen gwaji wannan magani don kashe musu ƙwari, sai waɗanda aka cire wa masu gadin nan suka mutu, sauran suka rayu. Haka aka gane. Shi ya sa in ka zarce awo, musamman ga ɗan maraƙi ko ɗan akuya, sai ka ga yana tangaɗi yana dalala: kaya sun fi ƙarfin masu gadi. A riƙa bin awon da malamin dabbobi ya faɗa.

Yanzu sojojin jiki. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne ke yaƙi da cuta. Da can an ɗauka ba sa shiga yankin ƙwaƙwalwa sam. Yanzu an san 'yan sintiri kaɗan suna shiga, su zaga cikin ruwan da ke kewaye da ita, in ba su ga kome ba su fice. Kaɗan ne ƙwarai: a ɗigon ruwan da bai kai ƙwayar gero ba, mai lafiya ba ya wuce guda 5.

Shigarsu ma da tsari. Jini na gudu, sojan yana cikinsa kamar kwale-kwale a tsakiyar kogi. In wani wuri ya kamu da ciwo, bangon hanyar jinin wurin sai ya fito da wasu 'yan maƙalai. Sojan ya fara taɓa su, gudunsa ya ragu, ya riƙa mirginawa a jikin bango. Sai ya fito da ƙugiyarsa ya kama gam, ya tsaya. Daga nan ya rarrafa yana neman wuri, ya matse jikinsa ya ratsa, ko ta ɗinkin, ko ta tsakiyar ƙwayar bangon. Ya faɗo cikin filin nan da na ce ku riƙe. Kamar motar da ta wuce duwan ɗin Benin tana tsakiyar gada, ba ta kai shingen Nijar ba tukuna. A nan ake tsayar da shi.

Cuta ta farko a wannan fili take farawa. Likitocin Najeriya suna ce mata MS, na Benin da Nijar suna ce mata SEP. Mu a nan bari mu kira ta ciwon cin rigar jijiya. Ba sikila ba ce, kada a haɗa. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana ta a Paris a 1868. Jijiyoyin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga mai maiƙo, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Rigar nan ce ke sa saƙo ya yi sauri. A wannan ciwo, wasu daga cikin sojojin jiki, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, sukan ɗauki rigar a matsayin abokin gaba. Sojan ya tsallake bango na farko, yana tsakiyar gada, sai wata ƙwaya da ke zaune a wurin ta nuna masa guntun abu. Soja mai hankali zai duba ya wuce. Wannan kuwa sai ya yi kururuwa. Ya saki sinadaran kiran taimako, bangon ya ƙara fito da maƙalai, wasu sojojin su yi ta tururuwa, ɗinkin ya sassauta, a saki wasu sinadaran masu yanka kamar almakashi su tsinka shinge na biyu. Su shiga su hau cin rigar jijiya. In faɗan ya lafa, wurin ya bar tabo.

Abin da mai ciwon ke ji ya danganta da inda tabon ya faɗa. Ido ɗaya ya dushe cikin 'yan kwanaki, yana ciwo in an juya shi. Ko ƙafa ta mutu, ko hannu ya riƙa jin kamar tururuwa na bi, ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Bayan makonni abin ya yi sauƙi, a ce an warke. Bayan wata shida ko shekara biyu ya dawo ta wani wuri. Zafin rana yana tsananta shi, kun ga bazararmu ba ta yi wa irin wannan mutum daɗi ba. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Ku faɗa mini, budurwa ko amarya da ƙafarta ta mutu wata guda ta tashi, sannan idonta ya rufe ya buɗe, me za a ce a ƙauye? Iska za a ce, ko sammu, ko a zargi kishiya.

A lissafin 2020, mutum miliyan 2.8 ke da ciwon a duniya, akasarinsu a ƙasashen sanyi, Turai da Amurka ta Arewa. A ƙasashenmu ba shi da yawa. Amma a ganina ƙarancin da ake faɗa ya haɗa da ƙarancin masu dubawa, domin ba a tabbatar da shi sai da babbar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda sai a birane irin su Kwatano da Yamai da Sakkwato. A wurin hoton ma rini ake sawa a jini, irin dabarar Ehrlich: inda shingen ya ɓalle, rinin ya yoyo, wurin ya yi haske. Akwai kuma ɗan uwan wannan ciwo da ya fi samun baƙar fata, mai kama jijiyar ido da laka da tsanani, wanda shi ƙafafun ƙwayoyin tauraron nan yake kai wa hari, wato shinge na biyu kansa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa sai likitan ƙwaƙwalwa ya rarrabe.

Me ke rikita sojan? Ba abu ɗaya ba ne, akwai gado, akwai ƙarancin hasken rana, akwai shan taba. A 2022 wani bincike kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna cewa kamuwa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda ke bin miyau, tana ninka haɗarin sau 32. Sai dai kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da wannan ƙwaya, kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai ke samun ciwon.

Inda labarin ya fi jan hankalina shi ne maganin. A 1992 masu bincike a Kalifoniya suka gano ƙugiyar da sojan ke kama bango da ita. Suka toshe ta a jikin ɓeraye, ɓerayen ba su shanye ba. Daga nan aka yi maganin mutane mai suna natalizumab, aka amince da shi a Amurka a Nuwamban 2004. Ya yi aiki ƙwarai, dawowar ciwon ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Watanni uku kacal, a Fabrairun 2005, aka dakatar da shi. Dalili? Wasu masu shan sa sun kamu da wani mugun ciwon ƙwaƙwalwa, har da mutuwa. Wata ƙwaya ce da fiye da rabin manyan mutane ke ɗauke da ita ba ta yi musu kome, saboda 'yan sintirin nan suna danne ta. Da aka hana sojan banza shiga, an hana na kirki ma. Mu da muka ga abin da ya faru da aka rufe gadar Malanville da Gaya a ƙarshen Yulin 2023, mun san rufe iyaka ba ya zaɓen wanda zai tare: mai albasa, mai jinya, mai zuwa biki, duk tare suka tsaya. An dawo da maganin a 2006, amma yanzu sai an gwada jinin mutum ana sa masa ido. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan wannan ciwo guda uku cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Saboda haka wanda ke da irin alamomin da na lissafa, masu zuwa su tafi su dawo, ya nemi likita ya tura shi babban asibiti. Akwai abin yi.

To, wancan ciwo shekaru yake ɗauka. Na biyun awoyi yake ɗauka, kuma shi ne namu: sanƙarau.

Muna zaune a tsakiyar yankin da wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya fara zanawa a 1963, wanda yanzu ya kama daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26. Alibori na ciki, Doso na ciki, Kabi da Sakkwato na ciki. Ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro take zama. Cikin mutum goma za a iya samun ɗaya yana ɗauke da ita lafiyarsa lau, yana raba ta da tari da atishawa. In hunturu ya busa, ƙura ta bushe hanci da maƙogwaro suka tsattsage, sai ta sami hanya ta faɗa jini. Daga Janairu zuwa saukar ruwan farko ke nan. Ƙari da cunkoso: ɗaki ɗaya mutum goma, bayan babbar mota, rumfar kasuwa, makarantar allo.

In ta isa hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, tana da wasu zaruruwa da take maƙale bango da su. Ta yi sansani a wurin, ta ruɗi ƙwayoyin bangon su janye zaren ɗinkinsu, ta wuce. Kamar ɗan fasa-ƙwaurin da ya san mai gadi. A cikin ruwan ƙwaƙwalwa kuwa ba sojoji sosai, sai ta yi ta hayayyafa. Kafin jiki ya farga ta cika wurin. Sai a buɗe shinge gaba ɗaya, fararen ƙwayoyi su kwararo, daga 5 su koma dubbai a ɗigo guda. Ruwan da yake garau kamar hawaye ya koma kamar ruwan tsakin gero.

A nan cututtukan biyu suka haɗu. Yawancin ɓarnar sanƙarau, sojojinmu ne ke yin ta garin yaƙi. Gubar da suke watsa wa ƙwayar tana ƙona abin da ke kusa. Shingen da ya buɗe yana barin ruwa ya shiga, ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa. Tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ya yi ciwo, shi ya sa wuya ke sanƙarewa. Jijiyar ji tana ratsa wurin, shi ya sa yaro ke tashi daga ciwon ya kurumce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da suka kamu da irin wannan sanƙarau 1 na mutuwa, kuma 1 cikin 5 na tashi da naƙasa: kurumta, farfaɗiya, raunin hankali.

Dattawa suna tuna 1996. A wannan annoba da ta shiga 1997, mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, fiye da 25,000 suka rasu, Najeriya kaɗai ta rasa fiye da 11,000. Nau'in A ne. A Disamban 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Kuma ga abin alfahari ga Alibori: a Nuwamban 2012, a Banikoara aka fara gwada ɗaukar wannan allura zuwa ƙauyuka ba cikin ƙanƙara ba, har kwana 4 a zafin da bai wuce awo 40 ba, aka yi wa mutum fiye da 150,000. Nau'in A ya kusa ɓacewa. Amma sanƙarau ba gida ɗaya ba ne. Nau'in C ya ɓullo a ƙasar Sakkwato a 2013, sannan a Kabi. A 2015 ya kama mutum wajen 8,500 a Nijar, ya kashe 573, Yamai da jihar Doso suna cikin inda abin ya yi tsanani. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya kashe fiye da 1,100 a Najeriya, musamman Zamfara da Sakkwato da Katsina. A Maris ɗin 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da Y da X, Nijar ta biyo baya. Ke nan wanda ya ce ai an yi masa tun 2012, ba a gama da shi ba. In masu allura suka zo, a fito. Ardo-ardo da shugabannin tasha, ku ne za ku sanar da ma'aikatan lafiya inda ruga ta koma, domin makiyayi da direba su ne kullum ake tsallakewa, ranar allura suna hanya.

In kuwa ciwon ya zo fa? Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ido ba ya son haske, mutum ya rikice ko ya yi ta barci. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba: ya ƙi nono, ya yi kuka mai tsini, maɗigarsa ta kumbura, ko ya yi jijjiga. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ma haka yake kama, kuma ba mai iya rarrabe su a gida. Duka biyun asibiti ne, ranar, ko da tsakar dare. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya. Addu'a a yi ta a hanya, a kan babur.

Kada a tsaya sayen kafso ja da rawaya a tebur. Kun ji dai yadda shingen yake: maganin da bai tsallaka da yawa ba, bai isa inda ƙwayar take ba, sai dai ya ɓata gwajin da likita zai yi. Wanda ake bayarwa a asibiti allura ce, seftiriyakson, mai iya kaiwa ruwan ƙwaƙwalwa da ƙarfinta. Kuma in likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, a bar shi. Na san ana tsoro, ana cewa shi ke shanye ƙafa. Laka tana ƙarewa a sama da ƙugu, allurar kuwa a ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwa ne. Da ruwan nan ake gane ko sanƙarau ne, da kuma wane nau'i, kuma da wannan sani hukuma ke aiko da allurar da ta dace da garin.

Abu na ƙarshe ga mutanen tsallake. In ciwon ya same ku a ɓangaren Benin, ku nufi ɗakin shan magani mafi kusa ko asibitin yanki na Malanville. In a ɓangaren Nijar ne, Gaya. In Najeriya ne, Kamba. Kada a ce sai an mayar da mara lafiya ƙasarsu, a zauna bakin kogi ana jiran kwale-kwale ya cika. Ku gaya wa likita garuruwan da mara lafiyan ya bi a kwana goman da suka wuce da waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi. Yaron da ya warke kuma, bayan sallama a riƙa kiransa daga baya a hankali a ga ko yana juyowa; in ba ya juyowa a koma da shi a duba kunnensa tun da wuri.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan cizon mahaukacin kare, cutar da ba ta bi ta gada sam, ta jijiya take hawa. A huta lafiya.